Shukar Bazara a Gonar da Masu Ci Suka Biya Tun Kafin Girbi

Sana'ata noman kayan lambu ce a wata ƙaramar gona da ke arewa maso gabashin Amurka, kuma ba na kai amfanin gonata kasuwa in zauna jiran mai saye. Tun cikin hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasa, iyalan da suka shiga tsarinmu suke biyan kuɗin kasonsu na shekara, ni kuma in ɗauki alkawarin ba kowane gida kwandon kayan lambu duk mako, daga watan Yuni har zuwa Oktoba. A shekarar 1986 aka fara wannan tsari a Amurka, a gonaki biyu da ke jihohin Massachusetts da New Hampshire, kuma tushensa shi ne manomi da mai ci su raba albarkar shekara da asararta tare. Da kuɗin nan nake sayen iri, in gyara kayan aiki, in biya ma'aikata, ba tare da na je banki neman rance ba. Sai dai kuɗin da aka karɓa kafin ko ganye ɗaya ya tsiro amana ce mai nauyi, kuma a bazara ake gane ko za a iya sauke ta.

Aikin yana somawa ne a rumfar leda, inda ake renon iri cikin ɗumi alhali a waje sanyi bai saki ba. Albasa ce kan gaba domin tana da jinkirin girma, sannan kabeji da latas, tumatir kuwa sai saura mako 6 zuwa 8 sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce. Kafin a dasa yabanya a fili, sai an yi kamar mako guda ana fitar da ita waje na ɗan lokaci ana mayarwa, har ta saba da iska da rana, in ba haka ba ganyenta ya ƙone cikin yini ɗaya.

Abin da ya fi gwada haƙurin manomi shi ne jiran ƙasa ta tsane. Idan rana ta fito a watan Afrilu zuciya takan raya wa mutum ya shiga huɗa, amma ni sai na damƙi ƙasa a tafin hannuna na matse tukuna. In ta dunƙule tana maiƙo, ba a taɓa ta. In ta marmashe da zarar na danna da babban yatsa, to lokaci ya yi. Wanda ya huɗa jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danƙare ta, saiwa kuma za ta sha wahala har ƙarshen shekara.

Da yake ba ma amfani da takin zamani ko maganin feshi na sinadari, ƙa'idojin Ma'aikatar Noma ta Amurka ne ke tafiyar da kalandarmu. Dole gona ta yi shekara 3 ba a zuba mata haramtaccen sinadari ba kafin a sayar da amfaninta da shaidar cewa an noma shi ba tare da sinadari ba, ɗanyen kashin dabbobi kuma sai an turbuɗe shi kwana 120 kafin girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, irin su karas da latas. Ban taɓa ganin wannan doka a matsayin takura ba, domin yara ne za su ci ganyen nan ɗanye.

Ranar Asabar iyalan kan zo aikin gayya, kuma a ganina nan ne ran wannan sana'a yake. Gaskiya ma'aikaci guda da ya ƙware ya fi baƙi da yawa sauri, sannan sai na bi kowa ina nuna masa zurfin da zai binne dashe da tazarar da zai bari. Duk da haka ba zan daina gayyatarsu ba. Karas yakan yi mako biyu ko uku kafin ya tsiro, ciyawa kuwa ba ta jira, tsironsa kuma siriri ne kamar zare, don haka sai an durƙusa an bi layi da yatsu, fartanya ba ta shiga. Wanda ya yi hantsi guda a durƙushe yana wannan cira, har gwiwoyinsa suka jiƙe da laka, ba ya sake tambayata dalilin da ya sa kwandon wani mako bai cika ba. Yara kuma nakan ba su dankalin turawa su jera a rami, saboda irin yana da girma, ba ya kuɓuce wa ƙaramin hannu.

Tumatir da tattasai da kokwamba ba sa fita fili sai wajen ƙarshen Mayu, ko da masu kaso sun matsa da tambaya. Shi ya sa tun yanzu nake sanar da su cewa kwandunan farko na Yuni ganye ne zai fi yawa a ciki, wato latas da alayyafo da ganyen albasa, nunannen tumatir kuwa sai ƙarshen Yuli ko farkon Agusta.