Sabon fanel a tsohon akwatin gem

Aikinmu na kullum gyaran talabijin ne da amfilifaya da inbata, amma a bayan shago na ware lungu guda don akwatunan gem na tsaye, irin waɗanda ake jefa wa kwabo kafin a buga. Cikin kayan gwanjo suke iso mana, kwantena ɗaya da firji da kekuna. Masu kawo su kuwa, ko dai mai gidan gem ne da ke neman abin jan yara, ko magidancin da ya buga Street Fighter II yana yaro, yanzu yana son ya girke shi a falo. Buƙatarsu ɗaya ce: a cire fanel mai wasa guda, wato allon lantarkin da wasan ke ciki, a sa mai wasanni da yawa.

JAMMA ce ta sauƙaƙa wannan aiki. Ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fito da tsarin a tsakiyar shekarun 1980: soket ɗaya mai haƙora 56, kowane gefe 28, wanda ya kwashi wuta da hoto da sauti da sandar sarrafa wasa da madannai. In akwati na bayan wannan lokaci ne, galibi zare tsohon fanel za ka yi ka cusa sabo. Wanda ya girme shi, kamar Pac-Man na 1980 ko Galaga na 1981, kowane kamfani da yadda ya jera wayoyinsa, sai an nemo adafta. A nan muke saɓawa da wasu abokan sana'a. Su filaya suke ɗauka su datse wayoyin asali, su jona sababbi, kafin la'asar an gama. Ni a shagona ba a yanke ko ɗaya. Akwatin da ya shekara arba'in da wayoyinsa lafiya, ba za a sake ƙera irinsa ba, kuma adaftar ba ta kai kuɗin da za a yi masa wannan ɓarna ba.

Kafin a taɓa fanel, wuta ake fara dubawa. Na Amurka bolt 120 yake sha, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce, don haka taransifoma mai rage wuta dole ne, da sitabilaiza saboda janareta. A ciki kuma fanel na buƙatar bolt 5 da 12. Nakan sa yara su auna bolt 5 ɗin a bakin fanel yana kunne, ba a jikin akwatin wuta ba, domin tsohuwar waya tana shanye kaɗan a hanya, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya sa wasa ya riƙa sandarewa.

Yawancin masu kawo aiki da adadi suke fara magana. "Malam, a sa min mai wasanni dubu uku." Ni kuma tambayata ita ce, Alhaji, gilashinka a tsaye yake ko a kwance? Pac-Man da Galaga a tsaye aka zana su, kuma fanel ɗin da ake kira 60-in-1 don irinsu aka yi shi. Wasannin dambe a kwance suke, nan ne fanel ɗin da ake kira Pandora's Box ke shiga. In ka haɗa su ba daidai ba, sai mai wasa ya karkata wuya. Sannan tsohuwar talabijin mai ƙeya da ke cikin akwatin siginar kilohaz 15 take karɓa, ta kwamfuta kuwa 31 ce, dole a saita fanel ya fitar da wadda ta dace kafin a kunna.

Mai ƙeyar nan ita ce wurin haɗari. Tana aiki da wuta sama da bolt 20,000, kuma tana riƙe ta bayan an zare soket. Ba na barin sabon yaro ya kusance ta sai ya ga yadda ake sauke wutar: a ɗaura waya a jikin sukundireba, ɗaya bakin a maƙala a ƙarfen firam, hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin a hankali ƙarƙashin robar da ke manne a bayan gilashi har ka ji ƙas. A dakata kaɗan, a maimaita. Bayan haka ne muke sauya kafasitocin da zafi ya busar, mu busa ƙurar hunturu da ta daskare a kan fanel ɗinta. Da yawa suna cewa a cire ta kawai a sa ta bango. In ta mutu murus, ba musu. Amma muddin tana da rai nakan roƙi a bar ta, ko da inuwar tsohon wasa ta ƙone a fuskarta, domin a kanta aka zana waɗannan hotuna, kuma tana amsa hannu nan take.

Sanda ma ana raina ta. Pac-Man kusurwa huɗu ya sani: sama, ƙasa, hagu, dama. Ka ba shi sanda mai takwas, sai ya ƙi juyawa a kwana, mai wasa ya ce fanel ne ba shi da kyau. Akwai faranti a ƙarƙashin wasu sandunan, irin na kamfanin Sanwa, da ake juyawa ya koma huɗu ko takwas. Street Fighter II kuma madannai shida yake so alhali JAMMA uku ta tanadar wa kowane ɗan wasa, sai a ƙara wata waya ta daban don madannan shuri. Ba na huda allon asali da sanda da madannai ke kai. Sabo nake sa a yanka min daidai awonsa, tsohon a ajiye. Batun kwabo kuwa, tunda ba ya yawo a hannun mutane yanzu, madanni muke sakawa inda mai gidan gem kaɗai ke iya kaiwa.

Akwai maganar da nake faɗa wa kowa kafin ya biya. Yawancin waɗannan fanel ɗin daga Sin suke, wasannin ciki kwafi ne ba da izinin masu su ba, kuma cikin dubban da aka rubuta a kwali da yawa maimaici ne da suna daban. Sautin wasu ma bai kai na asali ba, wanda ya san wasan zai ji. Shi ya sa tsohon fanel ba ya fita daga akwatinsa: mu naɗe shi a ledar kayan lantarki, mu ɗaure shi a ciki tare da takardar da ta nuna inda kowane soket yake komawa, sannan mu miƙa wa mai shi makulli.