Gungun Kubernetes a cikin kwamfuta ɗaya

Kubernetes manhaja ce da ke tafiyar da kwantenoni, wato manhajojin da aka naɗe da duk abin da suke buƙata, a kan gungun injina. Na ɗora Proxmox, manhajar raba kwamfuta zuwa injinan kwaikwayo (VM), a kan wata tsohuwar kwamfuta, na yanka ta zuwa VM uku masu Ubuntu: ɗaya shugaba, biyu ma'aikata. Shugaban na buƙatar aƙalla CPU 2 da RAM 2 GB kafin kubeadm, kayan aikin kafa gungun, ya saki jiki da shi. Na kashe swap (aron faifai a matsayin RAM), na sa containerd don tafiyar da kwantenonin, tunda an cire dockershim, mahaɗin Docker, daga Kubernetes tun sigar 1.24 a 2022. Wannan duk bin umarni ne kawai.

Inda aikin ya fara ɗaukar zafi shi ne wajen kwafin VM. Idan ka kwafi injin guda sau uku, lambar shaidarsa, wato machine-id, tana bin kowane kwafi, Ubuntu kuma da ita yake gabatar da kansa ga DHCP, mai raba adireshin IP. Sai na ga injina uku suna rigima a kan adireshin IP ɗaya, wannan ya amsa yanzu, anjima wancan. Na share lambar a injin asali, na ba kowanne sunansa da adireshi tsayayye, sannan aka zauna lafiya.

Bayan kubeadm init, duk nod ɗin, wato injinan gungun, suka tsaya a NotReady. Ba abin da ya lalace: Kubernetes ba ya zuwa da hanyar sadarwar kwantenoni, kai za ka kawo. Na zaɓi Flannel saboda sauƙinsa, da zangon adireshi 10.244.0.0/16. Haka ma sabis na LoadBalancer, mai ba manhaja adireshin da za a same ta daga waje, zai yi ta zama a pending har ka gaji. A girgije (cloud) kamfani ne ke ba ka adireshi ta bayan fage; a gida sai da na sa MetalLB na ware masa wasu adireshi daga na rauta. A ganina ribar aikin ke nan, don sai a nan na gane yawan hidimar da ake yi mana ba mu gani.

Na so in mai da shugabannin uku, saboda etcd, rumbun bayanan gungun, sai da rinjaye yake aiki: uku suna jure mutuwar ɗaya, biyu kuwa ko ɗaya ba sa jurewa. Amma duka a kan faifai guda suke, etcd kuma ba ya haƙuri da jinkirin rubutu. Wuta ta ɗauke, su tafi tare. Na bar shugaba ɗaya a kan SSD, ina ajiye kwafin etcd a wata na'ura dabam, na kuma sa wa kaina tuni, don yawancin takardun shaidar tsaro da kubeadm ya yi shekara ɗaya ce wa'adinsu.