Kai amarya Tasawa da ƙwayar hana amai

Bikin 'yar Kawu ne ya kai mu Maradi, ni da Goggo. Daga Kano zuwa Katsina ba abin faɗa, sai dai Goggo ta ƙarar da ledojin da ta taho da su tun ba mu wuce Tsanyawa ba. Ita kam ko warin fetur ta shaƙa zuciyarta ta tashi. Ta tsotsi lemun tsami, ta tauna goro, wata mata a motar ta ce ta sa takarda a cikinta ta ɗaure da zani. Duk a banza.

Bayan Jibiya, a wani shinge, wani jami'i ya leƙo ya ga tsohuwa a jigace, abin da ya fara tambaya shi ne ko cutar amai da gudawa muke son shigar musu da ita. Ya tsayar da mu a rana yana juya takardunmu, yana magana da abokinsa kamar ba mutane a gabansa. Da ya ga ba abin da zai fito daga aljihuna sai ya wurgo min su. Muka bi ta Dan Isa muka shiga gari da la'asar.

Kawu mutum ne. Tun kafin mu cire takalmi an kawo fura mai sanyi da kilishi, ya ce, "Yaya, nan ma Katsina ce, ki saki jiki." Ba ƙarya ya yi ba: Katsinawan da suka baro gida bayan jihadi su suka kafa sarautar nan, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maradi. Ya nuna min gangaren da tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Goggo dai ba ta tarihi take ba. Da ta ji jibi za a kai amarya Tasawa, kuma ita ce babbar uwa, sai ta ce a nemi wata.

Shi ya sa washegari ɗan Kawu ya ɗauke ni a babur zuwa wani farmasi kusa da babbar kasuwa. A unguwarmu in ka shiga kemis ka ce maganin amai, yaro ne zai yanko maka ƙwaya huɗu ya karɓi kuɗinsa. Matar farmasin nan kuwa sai da ta titsiye ni da tambayoyi. Shekarar mai shan nawa? Tana da hawan jinin ido? Tana shan maganin barci? Na ciro sitirizin da nake sha in mura ta kama ni, na ce ai na ji dangi ɗaya ne da na aman mota. Ta yi dariya ta ce, "Malam, mai da abinka aljihu." Dangi ɗaya ne, in ji ta, duk antihistamin ne, wato magungunan atishawa da ƙaiƙayi, amma sababbin nan irin su sitirizin da loratadin an yi su ne don kada su shiga ƙwaƙwalwa su sa barci, shi kuwa aman mota a ƙwaƙwalwar yake farawa. Can cikin kunne akwai wurin da ke jin motsi da karkata. In shi ya ce ana tafiya, ido kuma yana kallon bayan kujera ya ce a zaune ake, sai saƙon ya rikice, jiri da gumi da tashin zuciya su biyo baya. Tsofaffin magungunan, masu kawo gyangyaɗi, su ke isa can su kwantar da abin.

Ta jero min su a kan teburi. Sunayen kwalayen duk baƙi ne a wurina, Nautamine da Mercalm, maimakon Avomine da Stugeron da na saba gani a gida. Na farko difenhidramin ne, na biyu dimenhidrinat, namu kuwa furometazin da sinarizin. Abin da ta fi nanatawa lokaci ne. A sha kamar rabin awa zuwa awa guda kafin mota ta tashi. Sinarizin ma awa biyu yake so, furometazin kuwa akan sha shi tun daren jiya in tafiyar mai nisa ce. Wanda ya bari sai amai ya fara ya makara, don ciki ya riga ya tsaya da aiki, ƙwayar ma dawowa za ta yi. Ta ce baki zai bushe, a riƙe ruwa. Kada a ba jariri ɗan ƙasa da shekara 2, mai ciki ta fara tambayar likita, dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita ya yi hattara. Direba kuwa ko kusa.

Wajen biya ne na sha kunya. Ta faɗi kuɗin da dala, ni ina lissafi da naira, na miƙa abin da ko kwalin banza ba zai saya ba. A nan dala ɗari sefa 500 ce. Da na mayar da shi naira sai na ga ya yi tsada ƙwarai, ga kuma masu talla a bakin kasuwa da farantan ƙwayoyi a rana tsaka suna sayarwa da araha. Ban ko tsaya ba. Maganin da ya wuni yana gasuwa a zafin Maradi, ba takarda ba kwanan wata, ba da tsohuwata ba. A ganina rabin kuɗin nan tambayoyin matar na biya, kuma sun ci kuɗinsu.

Ranar tafiya Goggo ta sha bayan ta ɗan karya da koko, aka ba ta gaban mota, aka sauke gilashi kaɗan, na ce ta riƙa kallon nesa. Direban da ya ga kwalin ya miƙo hannu wai kansa na ɗan juyawa. Kawu ya buge hannun: "Kai, so kake ka kai mana amarya rami?" Ko Cadawa ba mu kai ba Goggo ta fara minshari. Agye da Gazawa duk a barci ta wuce su, 'yan mata na ta guɗa a baya ba ta sani ba. A Tasawa sai da aka yayyafa mata ruwa kafin ta iya yi wa amarya nasiha, rabinta hamma ce. Amma zaninta tsaf.

Tibiri mun leƙa da yamma ɗaya. A Madarunfa mun ci kifin tafki, mai soyawar ta ƙi ragi ko dala. A dawowa Goggo da kanta ta tambayi ƙwayarta tun a tasha, ta kuma sa na koma farmasin na ƙaro kwali biyu, ɗaya nata, ɗaya na kishiyarta.