Sunan da ya ɓatar da mu a Misisipi

Duk wanda ya shiga neman asalin wani gida na baƙaƙen fatar Amurka, shawara ɗaya ake ba shi: idan ka kai ƙidayar jama'a ta 1870 hanya ta toshe, ka duba Turawan gundumar masu suna irin na gidan, a cikinsu za ka samu wanda ya mallaki kakanninku. Masu koyarwa a intanet haka suke cewa, ɗan baffan matata da ya riga mu shiga harkar ma haka ya ce. Wannan shawara ita ta ci mana kuɗi da lokaci, kuma har yau in na ji wani yana rera ta kamar karatun allo sai raina ya sosu.

Matata 'yar Shikago ce. Dangin mahaifinta daga Misisipi suka hauro, cikin baƙaƙen fata kusan miliyan 6 da suka bar Kudu tsakanin 1910 da 1970, suna gudun wariya da noman auduga na kashi-mu-raba wanda bashinsa ba ya ƙarewa. Bayan an haifi 'yarmu ta fari muka lura ni ina iya jero mata kakannina ba tare da na buɗe takarda ba, uwar kuwa daga kan kakan mahaifinta sai shiru. Daga nan muka fara.

Farkon aikin ba shi da wuya. Amurka na ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790, ana kuma buɗe sunaye bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a watan Afrilun 2022. Muka bi su baya-baya a FamilySearch, wani shafin binciken salsala a intanet, muka haɗa da katin rajistar soja na 1917 da 1918. Ta 1890 ce kawai babu, gobarar da aka yi a ginin ma'aikatar kasuwanci a Washington a 1921 ta lalata kusan dukkanta, don haka daga 1900 sai ka yi tsalle zuwa 1880. A 1870 muka same shi, kakan kakan surukina, manomi a kusa da birnin Vicksburg na Misisipi, da matarsa da ɗan ƙaramin yaro. Ita ce ƙidaya ta farko da aka rubuta tsofaffin bayi da sunayensu. Kafin nan, a 1850 da 1860, sunan ubangida kaɗai ake rubutawa, a ƙarƙashinsa kuma a jera shekaru, namiji ko mace, da launin fata. Mutum kusan miliyan 4 a 1860, a haka aka ƙirga su.

To a nan shawarar nan ta kama mu. A gundumar da ke maƙwabtaka akwai wani babban gida na Turawa masu sunan dangin matata sak, da gandun auduga da bayi masu yawa. A jerin bayinsu na 1860 akwai namiji baƙi wanda shekarunsa suka yi daidai. Ɗan baffan nata ya riga ya liƙa wannan gidan a jikin salsalar da ya ɗora a intanet, wasu 'yan'uwa sun kwafa, waɗansu sun kwafa daga gare su, har abin ya zama kamar an tabbatar. A taron zumunta na dangi an taɓa tashi an karanta sunan gandun a gaban yara, wasu har da hawaye. Ni da matata muka ɗauki hutu, muka biya jirgi da masauki da hayar mota, muka je kotun waccan gunduma muna juya kundayen wasiyya da rabon gado. Mun kwafo tarin takardu. Sunayen bayin gidan suna nan a jere, kusa da alfadarai da kayan ɗaki, kowa da farashinsa a gefe, amma namu ba ya ciki. Muka ce wataƙila an sayar da shi kafin a yi lissafin, muka ƙara biyan wani mai bincike a can ya ci gaba da tonawa. Shi ma bai samo komai ba, don babu abin samowa.

Abin da ke ƙara ƙona min rai, amsar tana zaune a falo a kudancin Shikago tun kafin mu sayi tikiti. Gwaggon surukina, wadda ni ma Gwaggo nake ce mata, ta haura shekara casa'in, kuma ta tashi a gaban kakanta, wato yaron nan na ƙidayar 1870. Ta sha faɗa cewa tsohon, wato mahaifin kakan nata, ba ɗan Misisipi ba ne, daga jihar Bajiniya aka koro shi a ƙafa yana yaro, kuma suna biyu gare shi. 'Yan boko na gidan suka ɗauka laƙabi take nufi. Batun Bajiniya kuwa, takardar 1870 ta ce Misisipi aka haife shi, sai aka ce takarda ta fi tsohuwa. Amma wa ya ba mai ƙidaya amsa a ranar? Ana iya samun maƙwabci ne, ko yaro, ko kuma malamin ya ga layin sama Misisipi ne ya zarce da shi har ƙasa. A ta 1880, inda aka fara tambayar inda aka haifi iyayen mutum, Bajiniya aka rubuta masa, shi da uwa da uba. Mun gani da idonmu, amma sunan gidan Turawan nan ya riga ya rufe mana ido.

Rajistar wani banki ce ta kwance ƙullin. A 1865 majalisar dokokin Amurka ta kafa bankin ajiya na 'yantattun bayi, yana da rassa a Vicksburg da Natchez da wasu biranen Kudu. Ya durƙushe a 1874, 'yan watanni bayan an naɗa Frederick Douglass, fitaccen mai yaƙi da bauta, shugabansa, mutum sama da 60,000 suka tafka asara. Kuɗin sun tafi, amma littattafan buɗe asusu sun tsira, kuma a ciki akan rubuta inda aka haifi mai ajiya, inda ya tashi, sana'arsa, matarsa, 'ya'yansa, uwa, uba da 'yan'uwa. A reshen Vicksburg muka ga tsohon. An haife shi a Bajiniya, har da sunan gunduma. Sunan mahaifinsa shi ne sunan da dangin ke ɗauke da shi yau. An jera 'yan'uwansa, a gaban wasu an rubuta an sayar da su. Sannan ga lambar rundunar da ya yi wa soja.

Soja! Babu wanda ya taɓa ambata hakan a gidan. Baƙaƙen fata wajen 180,000 ne suka shiga rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka, kuma bayan Vicksburg ta faɗa hannun Arewa ranar 4 ga Yulin 1863 an ɗauki da yawa daga gandayen yankin. Muka duba jerin rundunar da sunan dangi, babu shi. A katin fansho muka gane dalili: sunaye biyu ne a kai, na biyun an nuna shi a matsayin sunan da aka kuma san shi da shi. Da sunan ubangidansa na ƙarshe ya shiga soja, wani Bature mai ƙaramar gona wanda sunansa bai haɗa komai da na dangin ba. Bayan yaƙi ya yar da shi ya ɗauki na mahaifinsa.

Muka nemi cikakken kundin fanshon daga ma'adanar tarihi ta ƙasa a Washington, kuɗinsa bai kai na kwana biyu a masaukin da muka zauna a Misisipi ba. Idan kana da kaka a cikin sojojin nan, ka fara da wannan kundi kafin komai. Hukumar fansho ba ta yarda da soja baƙar fata cikin sauƙi, musamman mai suna biyu, don haka sai an kawo shaidu, wani lokaci a turo jami'i na musamman ya yi tambayoyi. Wahalar da aka ba su ita ta zame mana taska. Ga bayanin tsohon da bakinsa, ya sa alama a madadin sa hannu. Ga abokan yaƙinsa suna rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Ga matarsa bayan rasuwarsa tana bayanin yadda aka yi aurensu a zamanin bauta, auren da doka ba ta san da shi ba. Ya faɗi wanda ya sayar da shi, ya faɗi yadda aka haɗa su a sarƙa aka bi ta ƙasa da su zuwa Natchez, inda babbar kasuwar bayi ta Forks of the Road take. Ba shi kaɗai ba ne. Bayan an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, kimanin mutum miliyan 1 aka kwasa daga jihohi irin su Bajiniya da Maryland zuwa ƙasar auduga. Da na karanta wa Gwaggo shafin, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Cewa ta yi ai ta gaya mana, ta kuma tambaya ko nawa muka kashe a waccan tafiyar. Ban faɗa mata ba.

Sunan ubangida na ƙarshe wasu sun riƙe shi, gaskiya ne, amma da yawa sun ɗauki na uba, ko na gidan da aka haife su, ko wani suna da suka zaɓa don kansu. Saboda haka idan ka kai 1870, ka bar suna ka kama wuri. Ka karanta shafin ƙidayar gaba ɗaya da na gaba da na baya, ka ga su waye maƙwabta, wane Bature ne mai ƙasa a kusa, ka nemi kwangilolin aikin gona na hukumar kula da 'yantattun bayi wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872. Kuma namiji baƙi mai shekara kaza a jerin 1860 ba hujja ba ce, kowane gandu akwai irinsa.

Da gwajin asali na DNA da matata ta yi ya nuna kaso mai yawa daga Najeriya, dangi suka taso ni a gaba wai in tabbatar musu Hausawa ne. Na so in faranta musu, amma jiragen da suka sauke bayi a Bajiniya da yawansu daga gaɓar Bonny da Kalaba suka taso, Hausawan da aka ƙetarar kuwa yawancinsu Bahia ta Birazil aka kai su. Gwajin ba ya gaya maka gari ko gida.

Yanzu muna kan kundayen gado na gundumar Bajiniya, inda muka ga sunan mahaifiyarsa da yara a wani rabon dukiya tsakanin magada. Mun aika wa ɗan baffan nata kwafin rajistar banki da na fansho. Ya yi godiya, amma bai gyara salsalar ba, gandun Turawan nan yana nan liƙe a jikinta, kuma a watan jiya na ga wata 'yar'uwa a Detroit ta sake kwafa.