Ambulan ɗin da na tafi da shi Duwala

Ƙannena masu takardun sakandare na BEPC da Bak da ke zaune gida, ana ta binku wai ku zo ku riƙe aji a lekol ɗin garinku, wato makarantar boko, ku tsaya ku ji nawa tukuna kafin ku amsa. Ni na amsa, amma ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma abin da hakan ya jawo har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Garinmu ƙarami ne a arewacin Kamaru, a hanyar Garwa zuwa Gidar, sunan dai ku bar shi. A 2013 na faɗi konkur, jarrabawar neman gurbi, karo na biyu, ina zaune ba aikin fari bare na baƙi, sai ƙungiyar iyayen yara, APEE, ta ɗauke ni. Kun san tun 2000 aka ce firamare kyauta ce, amma malamai ba sa isa a ƙauyukanmu, dole iyaye su yi karo-karo su biya irinmu. Sefa 20,000 aka yanka min a wata, shi ma sai an sayar da auduga kake ganinsa a dunƙule. Aka ba ni CM2, ajin ƙarshe na firamare.

A lekol ɗin akwai wani tsoho, tsohon dirakta ne ya yi ritaya amma kullum sai ya zo, kowa Baba Mushe yake ce masa har mai gari, Mushe wato malam da Faransanci. Keke gare shi wanda birkinsa igiya ce. Shi ya je ya zauna da malamin makarantar allo suka raba lokaci, asuba da bayan magariba na allo, hantsi na boko, shi ya sa iyaye suka saki yaransu. In lokacin cirar auduga ya zo aji ya dare rabi, shi ne zai bi gona-gona yana roƙo a ba shi yaran ko zuwa azahar ne. Ni kuma a raina ina cewa ji wannan, shekara talatin yana shaƙar alli ko babur bai ajiye ba, Allah ya kiyashe ni ƙarewa haka. Wallahi haka nake faɗa wa abokaina a wajen mai shayi muna dariya.

Abin da ya fi damunsa takardar haihuwa, akt. Yaro zai yi shekara shida yana karatu, ya zo CM2, a ce kawo akt a haɗa dosiyen CEP, jarrabawar gama firamare, da na shiga siziyem, ajin farko na sakandare, babu. An haife shi a gida, an yanka rago ranar suna, ba wanda ya taka zuwa meri, ofishin magajin gari, cikin wa'adin da doka ta bayar. In abin ya daɗe kuwa sai ta kotu, sai likita ya duba yaro ya ƙiyasta shekarunsa, meri ta ba da shaidar ba a taɓa rubuta shi ba, a nemo shaidu, a biya tambur, kai dai wahala. Baba yana da wani kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, duk yaron da ba shi da akt a garin sunansa na ciki, da na ubansa, da unguwa.

Kuma da yake ya san wa'azi ba ya shiga kunnen mutanenmu kamar dariya, sai ya mayar da maganar wasan kwaikwayo. Duk 11 ga Fabrairu, bikin matasa, bayan an gama defile, wato fareti, yaransa za su fito. Ina gani da idona yana manna wa wani yaro gemun auduga da ƙaro, ya naɗa masa rawani da zanen matarsa, yaron ya fito a maigida ya je meri ana tambayarsa yaushe aka haifi ɗanka, yana cewa ai shekarar da jakina ya ɓata ne, a'a tsaya, shekarar da ruwa ya ci gonaki. Rabi da Hausa rabi da Fulatanci, sakataren kuma yana zuba Faransanci ba wanda ke jin wani, mai kalangu na gefe yana ƙara musu gishiri. Mata har da hawaye don dariya. Washegari sai ka ga iyaye maza sun zo suna sosa ƙeya, Mushe wai yaya ake yin takardar nan ne.

To ga inda na yi ta'asa. A watan Janairun 2014 Baba ya damƙa min ambulan, takardun yara 11 na ajina da hotunansu da kuɗin da iyaye suka tara, wata uwa akuyarta ta sayar. Ya ce ɗana ƙafata ta kumbura, kai za ka kai kotu. Na ce to Baba. Daren nan abokina ya kira daga Duwala wai ga aiki a wani shago, in ban iso cikin sati ba an ba wani. Ban yi sallama da kowa ba, don na san in na tsaya gaban Baba ba zan iya tafiya ba. Asuba na hau mota sai Ngaundare, ambulan na cikin jaka, na ce in na isa zan aiko. A tashar jirgin ƙasa kuɗina bai kai tikitin Yawunde ba, sai na zari kaɗan a ciki, aro ne ai. Ku ji ni da kyau, kuɗin jama'a in ya kwana aljihu ɗaya da naka ya riga ya zama naka, shaiɗan ba ya buƙatar wani dogon bayani.

Aikin shagon ma ashe ba shi. Na yi dako, na yi gadi, kunya ta sa na canza layi. Yaran 11 ba su zauna CEP ba a shekarar. Biyar mata ne, uku ba su koma ba, iyayensu suka ce an ci kuɗinsu an kuma ci shekarar yaransu, ya isa. Kuma ba ni aka zaga ba, Baba aka zaga, shi da ya yi shekara talatin yana gina yardar nan.

Ba ina cewa kada ku tafi ba ne fa. Sefa 20,000 ba ta aure ba ta gini, duk wanda ya samu gaba ya tafi. Amma ka ƙarasa shekarar in da hali, yara ba kaya ba ne da za ka sauke a tsakiyar hanya. In kuma dole ce ka tafi da rana tsaka, ka tara shugaban iyaye da dirakta ka ƙirga musu komai a hannu, kunyar minti goma ce. Sannan ku duba gidajenku yau, ƙannenku nawa ne ba su da akt, jaririn da aka haifa watan jiya an kai sunansa meri?

Sai 2017 na dawo. Na je gaida Baba gabana na faɗuwa, na durƙusa, bai ce min komai a kan kuɗi ba, cewa ya yi ɗana hotunan suna nan? Suna nan, na miƙa masa. Na biya kuɗin a hankali, kuma shekara biyu ina zama wurinsa da waya mai ɗaukar murya a aljihuna, ban taɓa cewa Baba maimaita min wasan nan in ɗauka ba, kullum gobe. Da ya rasu muka buɗe akwatinsa gara ta cinye kayen wasannin, sai mai baƙin bangon ne ya tsira don a ƙarƙashin filo yake ajiye shi. Yanzu yana hannuna.

Ɗaya daga cikin yaran nan 11 yana haya da babur, ranar Lahadi nakan haɗu da shi a kasuwar Pitowa, har yanzu Mushe yake kirana. Kwanaki ya ce yana son katin ɗan ƙasa ya gaji da ɓuya a shingen hanya, ashe har yau akt ɗin bai samu ba. Mun je wajen likita, mun karɓo ta meri, kawunsa da limamin unguwarsu sun yarda su tsaya shaida. Ranar zaman kotu muke jira.