Dariyar da na yi a Samaru

Shekaranjiya na dawo Damagaram, amma hankalina na can Zariya. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ne ya nace sai na je na ga wasan kwaikwayon da ajinsu ya shirya. Na bi ta Matamaye da Daura. A wani shinge wani mai kaki, wanda a haife na haife shi, ya jujjuya katina ya ce, "Kai tsoho, ina za ka?" Ko sallama babu. A wajenmu sai an tambaye ka gajiya kafin a tambayi takarda.

Na zaci babban zaure zan tarar irin na Yamai. Sai ga ɗakunan ƙasa masu da'ira sun kewaye fili, sama a buɗe, kamar tsakar gidan kakata a Mirya. Drama Village suke ce masa. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara shi wajen 1976, da ƙasa aka ɗora shi irin ginin gargajiya. Kuɗin shiga bai kai na ƙullin kilishi ba, abin da har yanzu nake ganin an yi wa yaran ƙwauro.

Wasan, labarin wani tsohon malamin makaranta ne da ya cika a layin tantance 'yan fansho. 'Ya'yansa suka ɓoye mutuwar, suka sa masa babbar riga da tabarau, suka ɗora shi a keken guragu, suka ci gaba da bin layi. Turanci da broka suka fi yawa, yaron yana raɗa mini, "Kawu, ka ji abin da ya ce?" Da akawu ya yi wa gawar tambaya uku ya ji shiru, sai ya yaba masa ladabi, ya ce duk layin babu mai haƙurinsa, ya buga hatimi. Na yi dariya har hulata ta faɗi.

Ina sunkuyawa in ɗauka sai mahaifina ya faɗo mini a rai, da jakar takardunsa, da zaryar da ya yi ta yi zuwa Yamai har Allah ya karɓi abinsa. Matar da ke gefena ma ta yi tsit, tana share ido da gefen mayafi. Ba a tafa nan take ba.

Mai gidan da yaron ke haya ya sauke ni, tuwon shinkafa da miyar taushe. Na miƙa sefa, ya ture hannuna: "Haba Malam, baƙo ne fa kai."

Kano kwana ɗaya. Shadda a Kantin Kwari ta yi tsada, turmin atamfa ɗaya na saya wa uwargida, na kamo hanya.