Bashin Albashi da Takardar Ajiye Aiki

Shekara bakwai na yi ina aikin akanta a wani kamfanin sarrafa roba da ke unguwar masana'antu ta Sharaɗa a Kano, inda ake yin bokitai da butoci da kujeru. Takardar ajiye aikina ta yi wata takwas a cikin kwamfuta kafin in buga ta, kuma duk ƙarshen wata sai in buɗe ta, in canza mata kwanan wata, in sake rufewa. Abin da ya faru a cikin waɗannan watanni takwas shi ne abin da nake son in bayyana, domin na lura cewa yawancin masu ba da shawara a kan barin aiki suna magana ne a kan zuciya da haƙuri, alhali kuwa ni lissafi ne ya raba mini gardama.

Kamfanin bai durƙushe dare ɗaya ba. Ƙwayar robar da muke narkawa farashinta dala yake bi, injinan kuma ba sa jure ɗaukewar wuta, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai robar ta daskare a cikin injin, a ɓata sa'o'i ana kankarewa. Tun daga 2022, lokacin da man dizal ya yi tashin gwauron zabi, janareta ya fara cinye ribar. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024, dillalan da ke kwasar kayanmu zuwa Maraɗi da Damagaram suka ɗauke ƙafa. A watan Afrilun 2024 kuma aka mayar da kuɗin wutar manyan layuka naira 225 a kan kowane ma'auni, wato fiye da ninki uku na yadda yake a da. Mai sayen bokiti kuwa a lokacin ta abinci yake yi, tsohon bokitinsa da ya tsage sai ya kai a liƙe masa.

Wanda ke zaune a teburin akanta shi ke fara jin ƙaurin gobara. Aikin da ake yi dare da rana ya koma na rana kaɗai. Albashin da ke shiga ranar 25 ga wata ya koma 10 ga wata mai zuwa, daga nan ya koma rabi, tare da alƙawarin cewa za a cika idan kaya suka fita. Duk wannan na jure shi, har na riƙa ba wasu haƙuri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a tura su asusun ma'aikacin cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Ni ne nake shirya jadawalin cire kuɗin da hannuna, kuma ni ne na san cewa a kan takarda kawai ake cirewa, ba a turawa ko'ina. Ma'aikaci yana duba takardar albashinsa ya ga an rage masa don tsufansa, alhali kuɗin sun riga sun ƙone a cikin janareta.

Wata rana ina jera sunayen masu bin kamfanin bashi domin manaja ya kai wa maigida, sai na tsaya ina duban jerin. Banki yana riƙe da takardun filin masana'antar da na injina a matsayin jingina. Mai kawo mana ƙwayar roba ya daina sauke kaya sai ya ga kuɗi sun shiga asusunsa. Mai dizal ma ya ce kuɗi hannu, mai a tanki. Kowa ya ɗaure kayansa, in ban da mu ma'aikata, waɗanda ke kawo ƙarfinsu da lokacinsu kullum safiya a kan bashi, babu jingina, babu ranar biya, kuma ba a ma rubuta sunanmu a cikin jerin ba. A ranar na gane cewa na daɗe da tashi daga matsayin ma'aikaci zalla, na zama mai ba kamfani rance, kuma mafi rauni a cikin masu ba shi rancen. Wani abin mamaki game da irin wannan bashi shi ne, gwargwadon yawansa gwargwadon yadda yake ɗaure mai binsa. Lokacin da nake bin rabin albashin wata biyu, tafiya ba ta yi mini wuya a zuciya ba. Da ya kai na wata shida, sai na riƙa cewa ba zan tafi in bar haƙƙina ba, alhali kowane watan da na ƙara zama, sabon rance nake zubawa a kan tsohon da ba a biya ba.

Sai da na yi wa kaina adalci a kan wani abu kafin in ci gaba, wato in rarrabe tsakanin rashin jin daɗin aikin da kuma halin da kamfanin ke ciki, domin mutum yana iya gudu daga ofis alhali damuwar a cikin aljihun rigarsa take, ta bi shi duk inda ya je. Na tambayi kaina ko zan zauna idan aka wayi gari an biya ni duk abin da nake bi. Amsar da na samu ita ce, aikin lissafi bai taɓa gundurata ba, abin da ya ishe ni shi ne an mayar da ni bakin da ake yin alƙawarin ƙarya da shi. Ba na manta wani mai kula da injin da ya zo tagar ofishina da takardar magani a hannu, ya naɗe ta sau huɗu har ta fara yagewa a kan layin naɗin, ya ce, "Akanta, don girman Allah ko dubu goma ce a cire mini daga cikin nawa, yarinyar tana kwance." Na shiga wurin manaja, ya ce in gaya masa mako mai zuwa, kuma ni da manajan duk mun san babu abin da zai shigo mako mai zuwa. Na fito na faɗa masa hakan, ya yi mini godiya, ya mayar da takardar aljihu. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo, kuma da ita na koma gida a ranar, na yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da na nemi shawara, mahaifiyata ba ta ja zancen da nisa ba. Ta ce, "Kada ka yi sakin na hannu kamun na guje, da babu gara ba daɗi." Ba zan ce ta yi kuskure ba, domin ta ga masu digiri a unguwarmu suna zaman jiran aiki shekara da shekaru. Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa kuwa ya tuna mini aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci har ya samu sauƙi, sannan ya haɗa mini da hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, ya ce ni da nake riƙe da littattafan kamfanin na fi shi sanin wanne ne ya dace da maigidana. Gaskiya ban iya yanke hukunci a kan mutumin ba, domin na san ya sayar da wani filinsa ya biya albashin Babbar Sallah, na kuma san bai rage komai daga hidimar gidansa ba. Abin da na fahimta daga zaman shi ne, saurara wa mutum a kan bashin da ya riga ya hau kansa daban, ci gaba da ba shi sabo daban. Na farko an umarce ni da shi, na biyu kuwa zaɓina ne, kuma da abincin iyalina nake yin sa.

Tambayar da ta fi cin lokacina ita ce ko in ajiye da kaina ko in jira a sallame ni. Abokan aiki da yawa sun ce wauta ce mutum ya tafi da ƙafarsa, tunda wanda aka rage shi ke da kuɗin sallama. Na zauna na karanta dokar ƙwadago. Sashe na 20 ya ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu, a fara da wanda ya zo ƙarshe, mai kamfani kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan abin da za a biya su. Dokar ba ta yanke adadi ba, sannan ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa irina ba, mu takardar ɗaukar aiki ce madogararmu. Ban da haka, akanta ba ya cikin waɗanda ake fara sallama, shi ake riƙewa har ranar da za a sa kwaɗo a ƙofa. Idan kuma aka kai ga rushe kamfani, masu jingina ake fara biya daga kadarar da suka riƙe, ma'aikata su jira abin da ya saura. Kashi 25 cikin 100 na asusun fansho, wanda doka ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya cira idan ya yi wata huɗu babu aiki, wannan da wanda ya ajiye da wanda aka sallama duk suna da damarsa. Saboda haka kuɗin sallamar da ake ce mini in jira, alƙawari ne daga aljihun da ya kasa biyan cikakken albashi.

Wanda ya ƙarasa mini lissafin wani dattijo ne mai gadin ƙofarmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna kafin su rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Yana da wata tsohuwar jakar leda da yake ajiye katin shaidar aikinsa da takardar lissafin haƙƙinsa a ciki, tawadar ta koɗe har sai an kanne ido ake karantawa. Ya ce mini, "Ɗana, mu ma jira muka yi. Waɗanda suka fita tun injin yana motsi sun samu wurin zama a wani wuri, mu da muka tsaya sai muka fito rana ɗaya mu dubbai, kowa yana neman abu guda." Wannan batu na fitowa rana ɗaya ban taɓa sa shi a lissafi ba, kuma a unguwar da masana'antu da dama ke rage aiki lokaci guda, ba ƙaramin batu ba ne.

Tunda ba a fafa gora ranar tafiya, sai na fara shiri. Na ciro takardar ɗaukata aiki, wadda rabona da karanta ta tun ranar da na sa mata hannu, na ga sanarwar wata guda take nema. Na karɓo bayanin asusuna daga kamfanin da ke kula da fanshona, na ƙirga watannin da ba a zuba komai ba. Na rubuta duk abin da nake bi wata bayan wata a takarda ɗaya, domin ajiye aiki ba ya soke albashin da mutum ya riga ya yi wa aiki, amma idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, takarda ake tambaya. Na yi wata huɗu ina neman wani aikin a ɓoye ban samu ba, sai dai wasu 'yan kasuwa biyu a Sabon Gari da suka yarda in riƙa daidaita musu littattafansu. Kuskurena babba shi ne jinkiri, domin ɗan abin da na tara, wanda ya kamata ya riƙe ni bayan na fita, rabinsa ya tafi wajen cike giɓin rabin albashi. Kuskure na biyu shi ne ɓoye wa maiɗakina girman lamarin. Ranar da na faɗa mata, sai ta ce ai ta daɗe da ganewa daga yadda cefane ya canza, jira kawai take in buɗe baki.

Na kai wa maigida takardar da kaina, ban bi ta hannun manaja ba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Har da kai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don na raina alherinka ba ne, nauyin gida ne ya fi ƙarfina." Na miƙa masa takardar bashin na roƙe shi ya sa hannu, ya daɗe yana dubanta kafin ya sa, ya buga hatimin kamfani. Na cika watan sanarwar cif, na miƙa littattafai da makullai ga mataimakina a gaban shaida, domin akantan da ya bar kamfani mai rauni ba tare da miƙa aiki a rubuce ba, duk ɓarakar da aka gano daga baya a wuyansa za a rataya ta.

Wata biyar na yi kafin in samu aiki tsayayye, a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, a kan matsayin da bai kai wanda na bari ba. Wata biyun farko sun yi tsanani, har na sayar da babur ɗina, kuma akwai daren da na yi nadama. Mataimakina da ya zauna ba na ganin wautarsa, domin gidansu na gado ne, ba ya biyan haya, yana kuma da gonar da ke ciyar da shi, saboda haka rancen da yake bayarwa bai kai nawa ciwo ba. Kamfanin yana nan da injin biyu a cikin tara. Daga bashin da nake bi an biya ni kashi ɗaya cikin uku a biya biyu, kuɗin fansho kuwa har yanzu ba su shiga ba. Takardar da maigida ya sa wa hannu tana cikin akwatina, a cikin jakar leda, kuma duk bayan wata uku nakan rubuta masa wasiƙar tuni in kai da kaina, in tsaya a bakin ƙofa mu gaisa da dattijon.